DAGA RAƁA ZUWA DUSAR KWAKWA: MATSALAR DASA RESHEN DA YA FITAR DA SAIWA A CIKIN ISKA

Gabatarwa



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani ɗan gajeren aiki wanda ba ya ɗaukar mai yinsa fiye da minti ɗaya ko biyu, amma a kansa ake yin asarar wahalar makonni da kuɗi masu yawa. Aikin kuwa shi ne ɗauke reshen tsiro daga cikin akwatin da ya fitar da saiwa a cikin iska da feshin ruwa, a mayar da shi cikin dusar ɓawon kwakwa, inda zai fara koyon zama irin na sauran tsire-tsire. Abin da laccar take son ta tabbatar shi ne cewa saiwar da ta fito cikin raɓa dabam take da saiwar da ta fito cikin ƙasa, kuma yawancin rassan da suke mutuwa a wurin reno sauyin nan ne yake kashe su, idan aka yi shi gaba ɗaya ba tare da shiri ba.

Shuka ta hanyar yankan reshe tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Manomi yana sare itacen rogo ya binne, yana yanko yaɗon dankali ya dasa a kunya, yana kafa sandunan dashi ko ararraɓi ko zogale su zama shinge mai rai. A duk waɗannan, reshen yana fitar da saiwarsa ne a daidai wurin da zai zauna har ƙarshen rayuwarsa. Sabon abin da kimiyya ta kawo shi ne raba aikin gida biyu: a fitar da saiwa a wuri ɗaya, a yi girma a wani wuri. Tsakanin wuraren nan biyu ne matsalar da za a tattauna take.

Asalin noman raɓa

Wajen shekarar 1860 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa tsiro yana iya girma har ya kai ƙarshe a cikin ruwa zalla, muddin an narka masa sinadaran da yake bukata. Ma'anar wannan ita ce, ƙasa matattara ce ta ruwa da abinci da iska, kuma madogara ce ga tsiro, amma ana iya samar da waɗannan ta wata hanya. A shekarun 1930 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fito da wannan ilmi daga ɗakin gwaji zuwa noma sosai. Daga baya sai wasu suka ƙara gaba, suka rataye saiwa a cikin iska suna fesa mata ruwan taki. Frits Went, masanin tsire-tsire ɗan ƙasar Holan, shi ya raɗa wa wannan hanya sunan ayarofonik a 1957. A 1983 aka fara sayar da irin wannan na'ura a Amurka, kuma domin fitar da saiwar rassa aka ƙera ta. A cikin wannan lacca za a riƙa kiranta akwatin raɓa.

Ƙirarsa ba ta da wuyar fahimta. Akwati ne mai duhu a ciki, an huhhuda murfinsa. Kowace huda tana da zoben soso mai tsagi wanda yake riƙe reshe, ganye a sama cikin haske, gindi a ƙasa cikin duhu. A ƙasan akwatin akwai ruwa da ɗan famfo mai aiki da lantarki, wanda yake fesa ruwan ga gindin rassan. Tun da gindin yana samun danshi da iskar oksijin a lokaci guda, ba tare da ɗayansu ya hana ɗaya ba, sai saiwa ta fito da sauri. Ga tsire-tsire masu taushin kara, kwana 7 zuwa 14 yakan isa. Ruwan ya fi yin aiki idan zafinsa yana tsakanin digiri 20 da 24 a ma'aunin Salshiyos, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya a digiri 20 tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi. Har wa yau, ruwa mai ɗumi shi ne mazaunin ƙwayar cutar nan mai ruɓar da saiwa da ake kira Fitiyam.

Abin da ya sa batun ya shafi Nijeriya

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa wannan da manomin Nijeriya? Amsar tana cikin doya. Nijeriya ce take noma kimanin kashi biyu cikin uku na doyar duniya, daga jihohin Binuwai da Neja da Nasarawa da Taraba da wasunsu, kuma duk wanda ya san kasuwar Zaki Biyam ya san yawan fataken da abincinsu yake rataye da wannan amfanin gona. Amma doya tana da wata naƙasa: abin da ake ci shi ne kuma iri. Manomi yakan ware har kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya haƙa domin shukar baɗi. Ƙwayar masara ɗaya tana ba da ɗaruruwan ƙwayoyi, doya ɗaya kuwa 'yan iri kaɗan take bayarwa. Bugu da ƙari, cututtukan bairos da ƙananan tsutsotsin da suke cikin uwar doya suna bin irin daga shekara zuwa shekara, amfanin gona yana ta raguwa.

A farkon shekarun 1980 Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike tare da Cibiyar IITA ta Ibadan suka yaɗa hanyar yanyanka doya ƙanana-ƙanana, kowane yanki kimanin giram 25, domin ƙara yawan iri. A 2013 kuma IITA ta fara gwada noman doya a cikin raɓa, ƙarƙashin shirin YIIFSWA na Nijeriya da Gana, bayan da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima ta ƙasar Peru ta riga ta yi amfani da hanyar wajen yawaita irin dankalin Turawa. A wannan tsari ana yanka yaɗon doya mai tsabta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ganyenta ta zama sabon tsiro. Ke nan daga tsiro ɗaya marar cuta ana samun tsire-tsire masu ɗimbin yawa a cikin shekara. Sai dai kowane ɗayansu tilas wata rana ya bar wurin da aka lallaɓa shi ya shiga abin shuka. Ƙa'idojin wannan ƙaura iri ɗaya ne, ko doya ce, ko tumatir, ko dankali, ko furen ado.

Bambancin saiwar raɓa da saiwar ƙasa

Saiwar da ta fito cikin ƙasa tana girma ne tana ture ƙwayoyin ƙasa, tana neman danshi, wani lokaci ta samu, wani lokaci ta rasa. Wannan gwagwarmaya takan sa ta yi kauri, ta yi rassa, fatarta ta yi ƙwari. Saiwar akwatin raɓa ba ta taɓa gamuwa da wani abu mai tauri ba. Fara ce fat, cike da ruwa, mai saurin karyewa kamar ɗanyen tsiron wake. Tana rataye a miƙe, nauyinta kawai take ɗauke da shi.

Abin da ya fi muhimmanci a jikinta shi ne gashin saiwa, watau waɗansu 'yan siraran zare da suke fitowa kaɗan bayan tsinin saiwa. Kowane ɗaya tsawaitar ƙwayar halitta guda ce tak, kuma ta nan tsiro yake shan mafi yawan ruwansa. Gashin nan ba ya jure bushewa. Idan iska mai zafi ta buge shi na 'yan mintoci, ya mutu. Idan aka goga shi da yatsa ko aka matse shi, ya mutu. Tsiron zai yi sabo, amma sai bayan kwanaki.

A cikin waɗannan kwanaki kuwa ganye bai daina aikinsa ba. A bayan kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi da tsiro yake shaƙar iska ta cikinsu, ta nan kuma ruwa yake fita kamar tururi. Tsiron da ya saba da samun ruwa ba yankewa ya saba da barin ƙofofin nan a buɗe. To idan aka dasa shi, sai ya zama ruwa yana fita ta sama kamar yadda aka saba, alhali abin da yake shigowa ta ƙasa ya ragu ƙwarai. Wannan giɓi ne yake sa ganye ya yi yaushi, ko da kuwa tukunyar jiƙe take sharkaf. Wanda bai fahimci haka ba sai ya ƙara ruwa, ruwan ya kori iskar da take cikin abin shukar, saiwar da ta saba da wadatar oksijin ta shaƙe ta ruɓe. Duk dabarun da za a ambata nan gaba manufarsu biyu ce: a rage ɓarnar saiwa, a kuma rage fitar ruwa ta ganye, har sabuwar saiwa ta kama.

Dusar kwakwa: asalinta da halinta

Kwakwar da ake nufi a nan ita ce kwakwar Attagara, ba kwakwar manja ba. Ƙwallonta yana lulluɓe da ɓawo mai kauri. Idan aka sarrafa ɓawon, kimanin kashi 30 cikin 100 yakan zama dogon zare na yin igiya da tabarmar ƙofa da katifa, sauran kuwa gari ne mai kama da dusa. Shekaru da yawa ana tara wannan dusa tsibi-tsibi a matsayin shara a Siri Lanka da jihohin Kerala da Tamil Nadu na Indiya, domin ba ta ruɓewa da wuri. Daga ƙarshen shekarun 1980 masu lambunan Turai suka fara saye, suna maye gurbin baƙar ƙasar nan ta ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa daga dausayin ƙasashen sanyi. Ana matse ta kamar tubali, kuma tubali mai kilo 5 idan ya sha ruwa yakan kumbura ya ba da lita 60 ko fiye.

Abin da ya sa ta dace da saiwar raɓa shi ne tana riƙe ruwa kamar soso, amma ko bayan ta ƙoshi akwai sauran iska a tsakanin ƙwayoyinta. Ba ta da nauyi, ba ta da tauri, ba ta ɗauke da irin ciyawa. Ita ce tsaka-tsaki tsakanin raɓa da ƙasar gona.

Amma tana da illoli uku waɗanda dole a san su. Na farko gishiri. Kwakwa itaciyar bakin teku ce, ɓawonta yana tara sinadaran sodiyam da fotashiyam da kulorin, wani lokaci ma a ruwan gishiri ake jiƙa shi kafin a sarrafa. Ƙa'ida ce ta halitta cewa ruwa yana tafiya daga inda gishiri yake kaɗan zuwa inda yake da yawa. Saboda haka idan dusar ta fi saiwa gishiri, maimakon saiwar ta sha ruwa, ita za a tsotse. Na biyu, jikin dusar yana da wasu gurabe masu kama sinadarai. A sabuwar dusa fotashiyam da sodiyam ne suke zaune a guraben nan, amma guraben sun fi son kalsiyam da magnesiyam. Da zarar an zuba ruwan taki, sai dusar ta kame kalsiyam da magnesiyam ɗin da aka nufi tsiro da su, ta saki waɗancan. Tsiron sai ya yi yunwar abin da aka ba shi. Na uku, dusar kanta ba ta da abincin kirki, musamman naitirojin. Duk abin da tsiro zai ci sai an ba shi a cikin ruwa.

Shirya dusa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin dusa yana farawa ne aƙalla kwana biyu kafin ranar dashe. Da farko a jiƙa tubalin cikin ruwa mai tsabta har ya warware, a marmasa shi da hannu kada a bar dunƙule. Sa'an nan a zuba cikin kwando ko buhu mai tsiyaya, a yi ta kwarara ruwa. Akwai ɗan ma'auni mai kama da alƙalami wanda yake auna gishirin ruwa ta hanyar lantarki, ana ce masa ma'aunin EC. A ci gaba da wanki har abin da yake nunawa a ruwan da yake tsiyayewa ya yi kusa da na ruwan da ake zubawa.

Bayan wanki sai ƙosarwa. A jiƙa dusar cikin ruwan da aka narka takin kalsiyam naitiret, da ɗan gishirin magnesiyam idan akwai, ta kwana a ciki. Wannan yana cika guraben nan da kalsiyam tun kafin tsiro ya zo, yana kuma fitar da sodiyam da fotashiyam ɗin da suka yi yawa. Da safe a tsiyaye, a ɗauraye sau ɗaya. Akwai dusar da ake sayarwa an riga an wanke an ƙosar, ta fi tsada, amma araha ba ta ado. Ko ita ma ya kamata a auna ta, domin abin da aka rubuta a jikin buhu ba ya zama madadin gwaji.

A ƙarshe a jiƙa ta da ruwan taki marar ƙarfi, wanda ma'aunin tsaminsa, watau pH, yake tsakanin 5.8 da 6.2, domin a wannan iyaka saiwa ta fi samun sinadaran da take bukata. Yadda za a gane danshin ya yi daidai: a damƙi dusar a matse, idan ɗigo biyu ko uku suka fito, ta yi. Idan ruwa ya zubo, a bari ta ƙara tsanewa. Masu reno da yawa sukan gauraya kashi 7 na dusa da kashi 3 na wani farin dutse marar nauyi mai suna falait, domin ƙara iska. Ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka ya zama gawayi bai kai toka ba yana yin wannan aiki, kuma an daɗe ana amfani da shi wajen fitar da saiwar yaɗon doya.

Lokacin dashe

Ba fitowar saiwa kaɗai ake jira ba. Reshe ya isa ƙaura idan yana da saiwoyi da dama, tsawonsu ya kai santimita 3 zuwa 5, kuma sun fara fitar da 'yan rassa a gefe. Idan aka yi garaje aka ɗauke shi da 'yan ƙullutai kawai a gindi, ba shi da abin shan ruwa. Idan aka yi jinkiri har saiwar ta kai kamu ɗaya, za ta sarƙe da ta maƙwabta, ba ta rabuwa sai an tsinka, kuma ba ta shiga ƙaramar tukunya sai an nannaɗe ta. Saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙarfi, ba wari. Wadda ta yi ruwan ƙasa-ƙasa tana yauƙi ta kamu da ruɓa, a jefar da reshen nesa da sauran.

Tukunyar farko ƙarama ake so, rabin lita ko ƙasa da haka, ko 'yar ledar reno da aka huhhuda. Dalili shi ne ƙaramar saiwa ba ta iya shanye ruwan babbar tukunya, dusar sai ta zauna a jiƙe kwana da kwanaki. Lokaci mafi kyau kuwa yamma ne, bayan la'asar sakaliya, domin tsiron ya sami dare guda na sanyi da danshi kafin ya haɗu da rana.

Yadda ake dashen

A jera tukwane kusa da akwati, kowace an zuba mata dusa kashi ɗaya cikin uku. A wanke hannu. A ɗago reshe ɗaya tare da zobensa, a hankali, ana kallon saiwar kada ta gogi bakin huda. A buɗe zoben ta tsaginsa a zare shi ta gefe. Kada a ja saiwa ta cikin ramin zobe, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana kankare gashin saiwa gaba ɗaya. Barin zoben a jikin kara ma ba shi da amfani, yana tara danshi a wuyan tsiro, yana kuma matse shi idan ya yi kauri.

A riƙe reshen ta saman kara da hannu ɗaya, saiwar tana rataye a tsakiyar tukunya, tsininta yana kallon ƙasa. Da ɗaya hannun a riƙa barbaɗa dusa kewaye da ita har ta rufe duk inda saiwa ta fito, da ƙarin santimita ɗaya a sama. A bubbuga gefen tukunyar da yatsa domin dusar ta zauna. Ba a dannawa da babban yatsa kamar yadda ake yi wa dashen tumatir a lambu, domin dannawa tana karya saiwa tana kuma toshe hanyar iska. Nan take a zuba ruwan taki a hankali har ya fara fita ta ƙasa, wannan ruwa shi zai manna dusa da saiwa. Ruwan ya kasance mai kama da na cikin akwati wajen ƙarfi da zafi. Daga fitar da reshe zuwa ban ruwa kada a wuce minti ɗaya. A gama da ɗaya kafin a ɗauko wani. Idan wani abu ya katse aikin, a mayar da reshen cikin akwati ko a tsoma saiwarsa cikin ruwa.

Kwanaki goma na farko

Sabon dashe inuwa yake so mai haske, babu rana kai tsaye, babu iska mai kaɗawa. A yi masa rumfa, a lulluɓe da farar leda domin danshi ya taru. Amma leda a rana tanderu ce, saboda haka rumfar ledar kanta a ƙarƙashin inuwa za ta zauna. Kwana biyu ko uku na farko a bar ta kusan a rufe, ana ɗagawa safe da yamma iska ta sauya. Daga nan a riƙa ƙara buɗewa kowace rana, har a cire ta gaba ɗaya wajen kwana na bakwai. Rana ma haka: a fara da hantsi na awa ɗaya, a riƙa ƙarawa. A cikin wannan lokaci tsiro yana koyon rufe ƙofofin ganyensa, yana kauranta fatarsa.

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar wannan mataki ya fi tsanani. Lokacin hunturu danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a bazara kuwa zafi yakan haura digiri 40. Abin da littafin da aka rubuta a Holan ya ce a yi cikin kwana biyar, a Kano ko Maraɗi yana iya bukatar kwana goma ko sha huɗu. Rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gefen rumfa da yayyafa ruwa a dandamali suna sanyaya wuri da araha. Inda hali ya yi, a tsara aikin ya faɗo cikin damina.

Wajen ban ruwa, hannu ya fi kalanda. A ɗaga tukunya bayan an ba ta ruwa a ji nauyinta, idan ta yi sauƙi sosai a sake ba ta. Kada dusa ta bushe ƙayau, domin gishirin da ke ciki zai taru ya ƙona saiwa, kada kuma ta zauna cikin ruwa. Kowane ban ruwa ya kasance da ɗan taki, a zuba har kaɗan ya fita ta ƙasa ya wanke gishirin da ya taru.

Ruwa ba ya tsami banza, kowace alama a jikin tsiro tana da dalili. Yaushi da tsakar rana wanda yake warwarewa da yamma ba abin tsoro ba ne a makon farko. Yaushi da sassafe alhali dusa tana jiƙe alama ce ta ruɓar saiwa. Ƙonewar bakin ganye gishiri ne. Sabon ganye da ya fito a murɗe ƙarancin kalsiyam ne, tsohon ganye da ya yi rawaya tsakanin jijiyoyinsa ƙarancin magnesiyam ne, kuma duka biyun suna nuna dusar ba ta ƙoshi ba. Shaidar nasara kuwa ita ce sabon toho a sama da fararen saiwoyi suna leƙowa ta hudar tukunya, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. A lokacin ne tsiron ya isa shiga babbar tukunya ko gona.

Abin da ya rataya a wuyan ma'aikata da ɗalibai

A ƙaddara an sa rassa 1,000 a akwati, 900 suka fitar da saiwa. Rahoto zai ce an ci nasarar kashi 90 cikin 100. Idan bayan dashe 450 ne kawai suka rayu, to kowane tsiro da ya isa hannun manomi ya ci kuɗin biyu, amma rahoton ba zai nuna haka ba. Saboda haka ma'aunin da ya kamata ma'aikatar gona ta nema shi ne yawan tsiron da yake raye wata ɗaya bayan dashe.

Wannan yana da tasiri a kan kasafin kuɗi. Akwati da famfo su ne ake gani ranar bikin buɗewa, amma rumfar inuwa da ma'aunin gishiri da na tsami da takin kalsiyam da horar da lebura su ne suke raya tsiro, kuma kuɗinsu bai kai na na'ura ba. Haka nan tilas a tanadi lantarkin da ba ya yankewa, na hasken rana ko batir, domin idan famfo ya tsaya da rana saiwar da take rataye takan bushe cikin 'yan sa'o'i. Tilas a gwada ruwan rijiyar burtsatse kafin a kafa wurin reno, domin wani ruwan yana da kanwa ko gishiri. Tilas kuma a tsara aikin Asabar da Lahadi da ranakun hutu, tun da tsiro bai san kalandar ofis ba.

Ga ɗalibai kuwa akwai filin bincike a buɗe. Dusar da ake sayowa daga Indiya da Siri Lanka kuɗin waje take ci, alhali ana noma kwakwa a Badagiri ta Jihar Legas da gaɓar tekun Gana, ga kuma ƙaiƙayin shinkafa tsibi-tsibi a bakin injinan casa na Kano da Kebbi. Ɗalibi mai tukwane 100 da littafin rubutu zai iya kwatanta dusar waje da ta gida, da gawayin ƙaiƙayi, da yashin kogi, da gaurayensu, ya ƙirga abin da ya rayu a kowane rukuni cikin hunturu da bazara da damina. Irin wannan aiki ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada, kuma sakamakonsa malamin gona zai iya kai wa manomi kai tsaye.

Kammalawa

An nuna cewa saiwar raɓa mai rauni ce saboda yanayin da ta fito, cewa dusar kwakwa ta dace da ita idan an wanke ta an ƙosar da ita, kuma cewa ceton tsiro yana cikin ɗaukarsa a kan kari, da taushin hannu, da ƙaramar tukunya, da sabar da shi da rana sannu a hankali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin lebura mai hankali idan an koya masa dalili. Iri mai tsabta da aka sha wahalar samarwa a Ibadan ko wata cibiya ba shi da amfani ga manomin Binuwai sai ya tsallake waɗannan kwanaki goma yana raye. Ya rage ga masu tsara kasafi su ware wa wannan mataki rabonsa, ga ɗalibai kuma su auna su rubuta abin da ya dace da yanayin ƙasarsu.